Anjel ɗina sun ƙi girma, jan ma ya ƙi fitowa: laifin iri ne ko nawa?

Baban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Na gaji da tambayar wanda ya sayar mini, don kullum amsarsa ɗaya ce, wai in yi haƙuri za su yi. Bara bayan babbar sallah na sayi anjel guda biyu, irin da ake kira koi, farare masu ɗigon baƙi, ga ja a ka kamar an zuba musu manja. Aka ce daga Legas aka kawo su, kuma mata da miji ne. Haka kuwa aka yi, bayan wata biyu suka yi ƙwai a jikin bututun filta. Na farko da na biyu suka cinye abinsu, na uku na ɗebe na ƙyanƙyashe da kaina.

Yanzu 'ya'yan sun yi wata biyar, amma mafi yawansu jikinsu bai wuce faɗin murfin kwalbar lemo ba. Jan nan da na sayi iyayen dominsa babu shi, sai wani ruwan ɗorawa fari-fari a goshi. Wasu ma ko ɗigon baƙi ɗaya babu a jikinsu, kamar ba iyayen nan suka haife su ba. Su kansu iyayen jan nasu ya dusashe. Niyyata in zaɓi manya biyu cikin 'ya'yan in haɗa su. Ko dai irin ne ba shi da kyau, in rabar da su in sake saye?

Mai Tarwada:
Wa alaikumus salam. Kafin a zagi iri, Alhaji, tankin lita nawa ne, kifin guda nawa ne, kuma kwana nawa kake yi kafin ka canza ruwa?

Baban Sadik:
Tankin zai ci lita 80. Kifin ban ƙirga ba, sun haura ɗari dai. Ruwa duk ranar Asabar nake rage kashi ɗaya cikin uku in ƙara sabo.

Mai Tarwada:
Innalillahi. Ai ka ba da amsar da kanka. Kifi ɗari a lita 80, wata biyar? Wallahi su gode wa Allah da suke numfashi. Ko tarwada da ke rayuwa a kwata ba na yi mata haka. Ka duba idanunsu. In ka ga idon ya yi wa kan girma, kamar na yaron da ya sha ciwo, to sun tsumbure ke nan. Ido ba ya jiran jiki, shi yana ta girmansa ne ko da jikin ya tsaya.

Baban Sadik:
Gaskiya idanun sun yi ƙulu-ƙulu. Ni na ɗauka kyau ne ma.

Ɗan Tantabara:
Kyau wai! Allah ya bar mu da Baban Sadik.

Malamin Kimiyya:
Maganar Mai Tarwada gaskiya ce, amma ku bar ni in ɗauki ɓangaren launi, don nan ne nake jin daɗin labarin. Baban Sadik, don Allah yau da daddare ka yi mini aiki ɗaya. Ka ƙirga su duka, sannan ka ƙirga waɗanda ba su da baƙi ko kaɗan. In ƙirgar ta gagara a cikin ruwa, ka ɗauki hoto lokacin da suka taru cin abinci ka ƙirga a waya. Ina da hasashe, amma ba zan faɗa ba sai ka kawo lissafi.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri da ni, sati biyu ke nan da na shigo. Shi anjel ɗin nan kifin teku ne ko na kogi? Na ga wasu a hoto shuɗaye masu ratsin ɗorawa.

Malamin Kimiyya:
Waɗancan na teku ne, suna kawai ya haɗa su. Namu na ruwan daɗi ne, asalinsa kogin Amazon da rassansa a Kudancin Amurka, wato Brazil da Peru da Kolombiya da maƙwabtansu. Sunansa na kimiyya Pterophyllum scalare. Abin da zai ba ka mamaki, dangi ɗaya suke da karfasar da muke soyawa, duk 'yan gidan sikilid ne. Shi ya sa za ka ga suna gadin ƙwai suna faɗa a kan wuri. Na daji launinsa azurfa ne da ratsin baƙi a tsaye, don ya saje da saiwoyi da ciyayin ruwa. Duk sauran launukan nan, gwal, baƙi, mabul (mai dabbare-dabbare), koi, zabiya, a cikin tanki suka ɓullo, mutane suka tsince su suka riƙe.

Baban Sadik:
Malam na ƙirga. Na kwashe su a roba da ɗai-ɗai, uwargida tana ta yi mini dariya. Guda 118 ne. Marasa baƙi 31. Kuma da na lura, cikin masu baƙin akwai wasu da nasu ya yi yawa sosai, sauran kuma ɗigo biyu uku ne kamar iyayen.

Malamin Kimiyya:
Madalla! Abin da nake jira ke nan. 31 cikin 118 kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu. Ba a cuce ka a wannan ba, kuma matar ba ta ci amanar mijinta ba.

Ga yadda abin yake. Kowane kifi yana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu a kowane gurbi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A anjel akwai wani gurbi guda da ƙwayoyi da yawa ke takarar zama a cikinsa: ta azurfa irin na daji, ta baƙi, ta mabul, ta gwal, da ta gwal mai dabbare. Ƙwayar gwal ɓoyayyiya ce, ba ta nuna kanta sai an samu biyu. Iyayen naka kowanne yana da ƙwayar gwal mai dabbare guda ɗaya da ta gwal zalla guda ɗaya. In ka haɗa irin waɗannan, kashi ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan za su ɗauko gwal zalla ta ɓangarorin biyu, su ne 31 ɗin nan naka marasa baƙi. Rabi za su fito kamar iyayen. Ragowar kashi ɗaya cikin huɗu za su ɗauko mai dabbare biyu, su ne waɗanda ka ce baƙinsu ya yi yawa. Lissafin da masanin gadon halitta Gregor Mendel ya gano ne da koren waken nan da ake kira fis a lambunsa, ya buga a 1866, ga shi yana aiki a tsakar gidanka.

Sannan koi na gaske yana da wata ƙwaya a wani gurbin daban, mai share ratsi, guda biyu. Ita ce ke sa kumatun ƙananan su zama garai-garai har ana hango jan kunnen kifin ta ciki. Duba naka, za ka ga kumatunsu jajaye. Wannan jan ba launin fata ba ne, jini ne kake hangowa, kuma yana rufewa in sun manyanta.

Wadda ta warware yawancin wannan lissafi na anjel wata Ba'amurkiya ce, Dokta Joanne Norton. Ta yi ta haɗa iri tana ƙirga 'ya'ya tana rubutawa a mujallar masu kiwon kifi a shekarun 1980, kuma har yau da tsarinta masu kiwo ke rubuta asalin kifinsu.

Ɗan Tantabara:
Malam ai wannan mu mun sani tun kafin mu ji sunan Mendel. Ka haɗa tantabara baƙaƙe biyu su haifo maka ja, sai tsofaffin harka su ce "ta ɗauko kaka". Ashe lissafi ne da shi.

Baban Sadik:
To Malam na gane maganar baƙi. Jan fa? Shi ne ya ci mini kuɗi.

Maman Ilham:
Sannunku da muhawara. Ina biye da ku tun jiya, yara ne ba su bar ni na yi rubutu ba. Yaya Baban Sadik, ja ba ya bin lissafin kashi ɗaya cikin huɗu. Shekarata shida ina fama da koi, kuma abin da na gani shi ne yawan jan yana taruwa ne sannu a hankali, zuriya bayan zuriya, ba ƙwaya ɗaya ke kawo shi ba. Ko iyaye jajaye sosai, cikin ɗari za ka samu 'yan kaɗan da suka kamo su, da yawa tsaka-tsaki, wasu kuma fes. Sai ka ɗauki na saman nan ka sake haɗawa.

Kuma wata biyar ya yi wuri a yanke hukunci. Nawa sai sun kusa balaga jan ke zama sosai. Kifin da ke cikin cunkoso da dattin ruwa kuwa ba zai taɓa nuna abin da ke jikinsa ba. Akwai wata mace da na kusa bayarwa kyauta saboda ta yi fari fat. Na raba ta da wani azzalumin namiji da ke korar ta daga abinci, cikin sati uku kanta ya koma kamar lemon zaƙi har gadon baya. Ita ce kakar duk waɗanda nake da su yanzu.

Abinci ma yana da hannu. Kifi ba ya ƙera jan nan da kansa, daga abinci yake samun sinadarin, shi ya sa ake sa ƙananan jatan lande da sifirulina, wani irin gansakuka, a abincin launi. Amma abinci yana cika wurin da gado ya tanada ne kawai. In gadon ya ce goshi kaɗai, ko buhu ka ba shi, goshin ne zai yi ja.

Mai Tarwada:
Ni fa Hajiya ban yarda iyayen nan jansu na Allah da Annabi ba ne. Ya za a yi kifi ya zo ja jawur, wata biyu ya koɗe? Sinadari aka ba su. An san ana ba kifin ado homon don launi ya fito kafin a kai kasuwa.

Maman Ilham:
Ana yi, ban musa ba, musamman a wasu sikilid ɗin. Amma wanda aka ɗirka wa homon sau da yawa haihuwa ke gagararsa, waɗannan kuwa sun ba shi 118 a zubi ɗaya. Ni na fi zargin abinci. A gonar da suka fito ana ba su abincin launi, suka zo hannun Yaya ya koma ba su me?

Baban Sadik:
Abincin tarwada nake daka musu, ƙaramin nan.

Maman Ilham:
To ka ji.

Mai Tarwada:
A'a Hajiya, kar a ɓata mana suna! Abincinmu yana da furotin, yana gina jiki. Launi ne dai babu ruwansa da shi, don ba wanda ke sayen tarwada saboda kyau.

Bari in koma kan girma, nan ne gonata. Alhaji, girman kifi ana gina shi ne a watannin farko, in ya wuce ya wuce. Ranar da 'ya'yan suka tashi suka fara iyo, wajen kwana bakwai da zubin ƙwai, abin da za su fara ci shi ne artemiya mai rai, wato 'yan mitsi-mitsin jatan lande, wadda muke ƙyanƙyashe wa 'ya'yan tarwada a ruwan gishiri. Duk mai sayar da kayan kiwon kifi yana da gwangwaninta. Ka ba su sau uku ko huɗu a rana, kaɗan-kaɗan, har ka ga cikinsu ya yi ja ya taso. To ci da yawa yana nufin kashi da yawa, kashi kuma yana zama gubar amoniya a ruwa, ita ke ƙona musu kunne da fikafikai. Don haka canjin ruwa kullum ne ko bayan kwana ɗaya, ba ranar Asabar ba. Kuma tankin ya zama mai tsayi, don anjel sama da ƙasa yake girma. Babba jikinsa yana kai santimita 15 a tsawo, tsayinsa da fikafikai ya kai 20. In ruwan bai kai zurfin santimita 45 ba, fiffiken sama lanƙwashewa yake yi. A wata biyar ya kamata a ce naka sun kai gindin ƙaramin gwangwanin tumatir.

Sannan tankaɗe. Mu duk sati muke ware shuta, waɗanda suka yi wa 'yan uwansu fintinkau. Shawarata ka ɗauki shuta ɗin nan naka, su ne irinka. Babba shi ke haifar babba.

Maman Ilham:
Duk na yarda da kai Mai Tarwada, ban da layin ƙarshe. A nan ne mutane ke faɗawa rami. Wanda ya fi girma a tankin da ke cunkushe ba lallai shi ya fi gadon girma ba. Wataƙila shi ya riga tashi da rabin yini, ya fara cin artemiya, ya fi ƙarfi, daga nan ya riƙa ture kowa. Ka zaɓi mafaɗaci ke nan, ba babba ba. Kuma na sha gwadawa, in na kwashi manya shida tun suna ƙanana, sai in tarar biyar maza ne.

Abin da ya fi damuna da tankin Yaya shi ne wannan: tsumburewa ba ta taɓa ƙwayar gado, kifin da ya tsumbure yana iya haifar 'ya'ya su girma lafiya lau. Amma ta rufe maka ido. Tunda yunwa da datti sun danne kowa, ba ka da hanyar gane wane ne zai yi girma da an ba shi dama. Zaɓe a cikinsu caca ce. Sai an ba kowa wuri da abinci daidai, sannan bambancin da ya rage ya zama na gado, sannan zaɓe ke da ma'ana.

Mai Tarwada:
To amma Hajiya saurin girma ma ai gado ne. Mu da shi muke ci.

Maman Ilham:
Ku nama kuke nema a wata huɗu zuwa shida, dole ku so mai sauri. Ni kifin da zai yi shekara takwas ko goma a falon mutum nake nema. Ina ruwana da wanda ya riga kaiwa? Wanda ya fi kyan tsayuwa a wata goma nake so: jiki zagaye, fiffiken sama da na ƙasa a miƙe kamar an ja da rula, zaren ƙirjin nan biyu daidai tsawo, murfin kunne cikakke.

Malamin Kimiyya:
Ku biyun kuna da gaskiya, abin da kowa ke nema ne ya bambanta. Amma akwai wani abu da ya kamata Baban Sadik ya sani tun yanzu: launi da girma ba kullum suke tafiya hanya ɗaya ba. Ɗauki baƙi. Ƙwaya ɗaya tana ba da kifi mai duhu da ake hango ratsinsa, ƙaƙƙarfa. Biyu suna ba da baƙi wuluk kamar karan-miski, wanda kowa ke so, amma 'ya'yan sun fi rauni, sun fi jinkirin girma, sun fi mutuwa. Shi ya sa masu wayo ke haɗa baƙi da gwal, su samu baƙi mai kyau da kuma ƙarfi. Haka mai gyale, wato mai dogayen fikafikai. Ƙwaya ɗaya kyau, biyu kuwa fikafikan su yi tsawon da kifin ba ya iya ɗauka, su zube yana jan su kamar mai babbar riga a cikin ruwan sama. Zabiya kuma idonsa ba ya gani sosai yana ƙarami, in ka haɗa shi da masu ido a tanki ɗaya yunwa za ta kashe shi.

Na Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ni nawa ruwan azurfa ne, na saye su da ratsi baƙi ƙirin, amma wani lokaci in na duba ratsin ya ɓace, an jima ya dawo. Ciwo ne?

Malamin Kimiyya:
Ba ciwo ba ne, ɗan uwa. Suna dusashe ratsin in sun tsorata ko da dare, su dawo da shi in hankalinsu ya kwanta ko suna faɗa. Abin da za ka kiyaye shi ne 'ya'ya. In aka rene su da fitila a kunne dare da rana, ratsin ba ya fitowa yadda ya kamata, kuma haka za su tabbata. A bar su su ga duhu.

Na Maraɗi:
Duhu kam muna da shi, kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, ba ya barin fitila ta kwana.

Sabon Shiga:
Ni tambayata, wa da ƙanwa fa da yake son haɗawa? Ba za su haifi nakasassu ba?

Ɗan Tantabara:
Auren zumunci ke nan. Mu muna yi a ɗakin tantabara, amma in ya yi yawa sai ka ga ƙwai yana ƙin ƙyanƙyashewa, 'ya'ya suna fitowa da sanyin ƙafa.

Maman Ilham:
Haka yake a kifi. Ba yadda za ka kafa launi ba tare da haɗa dangi ba, duk launukan nan da haka aka same su. Sau ɗaya ko biyu ba ya kashe iri in kana tankaɗe da gaske. Abin da ke kashe iri shi ne mutum ya ga ja ya rufe ido ga karkataccen baya. Ni layi biyu nake riƙewa daga kaka ɗaya, kowanne da tankinsa da littafinsa, bayan zuriya biyu ko uku in ɗauko namiji daga wancan in ba macen wannan. In na ga ƙwai ya fara raguwa ko 'ya'ya suna fitowa babu zaren ƙirji, sai in nemo baƙon jini daga wani wuri, in haƙura da cewa jan zai ja baya na zuriya ɗaya.

Kuma Yaya, kar ka ce za ka ɗauki biyu ka ce ku yi aure. Kafin su balaga ba mai iya rantsuwa wannan namiji ne wannan mace. Sai lokacin ƙwai za ka ga bututun ya fito a ƙasan ciki, na mace mai kauri da dakusasshen baki, na namiji siriri mai tsini. Na taɓa zama wata uku ina jiran wasu biyu, suna share tayil tare, suna zuba ƙwai, kwana biyu duk ya yi fari ya ruɓe. Na canza ruwa, na sa metilin bulu, maganin hana ƙwai ruɓewa, na zargi hita. Ashe duk mata ne, kowacce tana zuba nata. Ka ware shida zuwa takwas su girma tare su zaɓi juna.

Malamin Kimiyya:
In ka ɗauki shida ba tare da zaɓen manya kaɗai ba, damar a samu aƙalla namiji da mace a ciki ta kusa kashi 97 cikin ɗari. Da biyu kuwa rabi da rabi ce.

Ɗan Tantabara:
Ni da za a ji tawa, tunda girma ake so, a nemo altum kawai a haɗa da koi ɗin. Na ga bidiyonsa, tsayinsa kamar faranti.

Malamin Kimiyya:
Altum jinsi ne daban, daga kogin Orinoko da saman Rio Negro, kuma tsayinsa yana haura santimita 30. Ruwa mai laushi mai tsami yake so, ruwan burtsatsenmu da ke barin farin gishiri a buta ba zai yi masa ba sai an tace. Ƙwararru ma suna shan wuya kafin ya yi musu ƙwai. Kuma a kula, akwai wanda ake sayarwa da sunan altum na Peru, shi scalare ne mai tsayi, ba altum ba. In jinin daji ake so don gyara siffa, irin wannan ya fi sauƙi, amma duk 'ya'yan farko za su koma kusan azurfa, sai an sake haɗa su a tono koi ɗin daga ciki. Aikin shekaru ne.

Baban Sadik:
To yanzu ɗari da goma sha takwas ɗin nan ya zan yi da su? Tanki biyu gare ni, sai wani tsohon baho.

Mai Tarwada:
Ka zaɓi goma sha biyu ka ba su tankin su kaɗai. Masu lafiya cikin sauran ka sayar da araha ko ka raba wa yaran unguwa masu sha'awa. Nakasassun ka kawo mini, tarwadata ba ta ƙin baƙo.

Sabon Shiga:
Subhanallah, a ba wani kifin ya cinye su da rai? Ba alhaki?

Mai Tarwada:
A kogi wa kake tsammani yake cinye su? Uwa ɗaya tana zuba ƙwai ɗaruruwa duk bayan sati ɗaya ko biyu in ana kwashewa. Da duk suna rayuwa da Amazon ta cika ta batse.

Maman Ilham:
Ni dai zuciyata ba ta iya wannan. Wanda ba zai iya ci ko iyo ba, ina ɗiga man kanumfari a ƙaramar roba, in kaɗa shi da ruwa sosai, in sa shi ciki. Barci yake yi, in ƙara, shi ke nan. Wanda nakasarsa ta ido ce kawai, kamar lanƙwasasshen fiffike, yana da tankinsa a kicin, yara sun raɗa musu suna. Abin da ba na yi shi ne in bar shi ya haihu, ko in sayar wa wani ban gaya masa ba. Amma barin ɗari a lita 80 suna shaƙar dattinsu, wannan ya fi kowanne zama alhaki a wurina. Yaya ka yi haƙuri, ba da kai nake ba.

Baban Sadik:
Da ni kike Hajiya, kuma na karɓa.

Mai Kula da Zaure:
Maganar hukunci a kai wa malamai, mu nan masu kiwo ne. A ci gaba da batun iri.

Maman Ilham:
To ga abin da zan yi da ni ce. Tunda iyayen suna nan da ransu kuma suna haihuwa, ba na gina komai a kan wannan zubin. Zan riƙe kamar goma don koyon ido, in ga yadda jan zai canza in sun samu sarari. Iyayen in gyara musu abinci wata guda, in jingina musu tayil a tsaye, ruwa ya tsaya wajen digiri 27 ko 28. In sun zuba, ƙwan zai fashe cikin kwana biyu zuwa uku. Daga zubin kar ka rena fiye da abin da tankinka zai ɗauka, ko talatin ne sun isa. A wata ɗaya ka cire nakasassu, a wata uku ka sake dubawa don siffa, launi kuma sai wata shida zuwa takwas. Ka rubuta komai, ranar zubi, adadi, wa ya haifi wa. Ƙwaƙwalwa tana ƙarya, musamman a kan kifin da kake so.

Kuma ka duba lokaci. Kar ka fara cikin hunturu in ba ka da hita da wutar da za ta riƙe ta. Na rasa zubi guda cikin dare ɗaya a watan Janairu, aka ɗauke wuta, da asuba na sa hannu a ruwan kamar na randa, duk sun kwanta a ƙasa.

Mai Tarwada:
Da bazara kuma akasin haka, ruwa ya yi zafi iska ta ragu a cikinsa. Ka nemi famfon iska mai batir kafin ka nemi wani sabon kifi.

Malamin Kimiyya:
Ƙari ɗaya. Cikin goman da za ka riƙe, ka sa biyu ko uku daga marasa baƙin nan. Kar ka raina su. Tunda babu baƙin da zai rufe, a jikinsu ake fi ganin iyakar inda ja ya kai. In ka samu wanda jan ya gangaro har baya, ka haɗa shi da ɗaya daga masu baƙi da yawa, duk 'ya'yan za su fito koi masu ɗan ɗigo irin na kakanninsu, babu ragi.

Baban Sadik:
Bayan sati uku, ga rahoto. Na riƙe goma sha biyu a tankin, uku marasa baƙi. Guda 70 wani mai shago ya karɓa, sauran na raba, bakwai masu karkataccen baya na yi musu na kanumfari. Ina canza rabin ruwa bayan kwana bibbiyu, na sayi abincin launi. Girman dai ban ga wani abin kirki ba tukuna, amma fikafikan sun buɗe, kuma ɗaya daga marasa baƙin goshinsa ya fara yin kamar ɓawon lemo. Iyayen sun zuba a tayil shekaranjiya, yau da safe na ga wutsiyoyi suna motsi. Fararen ƙwai kamar ashirin na tsince da tsinken sakace. Mai Tarwada, artemiyar nan cokali nawa na gishiri ake sa wa lita ɗaya, kuma yaushe zan jiƙa ta don ta riski ranar da za su tashi?

Mai Tarwada:
Babban cokali ɗaya da rabi zuwa biyu a lita, gishiri marar aidin in ka samu, ka sa mata iska tana tafasa. Kwana ɗaya take fashewa a zafin nan. Naka sai nan da kwana huɗu ko biyar za su saki tayil, don haka ka jiƙa ta farko ranar Laraba da yamma, ta biyu Alhamis da safe a wata kwalbar. Kuma kar ka zuba musu komai kafin ka ga sun tashi, gwaiduwar cikinsu suke ci.